Ni Kaɗai a Gidan Wayar Tasawa

Shekaru kaɗan bayan mun samu mulkin kai aka turo ni Tasawa aikin gidan waya. Ina da shekara ashirin da ɗaya, ban yi aure ba, kayana duka akwatin ƙarfe ne da tabarma. A Yamai na koyi buga telgiram, wato aika saƙo ta waya da wani ɗan maɓalli da ake dannawa da yatsa, wata dannawar gajera wata doguwa, wanda ke ɗaya ƙarshen layin yana saurare yana mayar da ƙarar haruffa a takarda. Mu bakwai ne a gidan wayar, amma ni kaɗai na iya wannan aikin. Resebar, wato shugabanmu, ya iya a da, sai dai hannunsa ya fara rawa, ya daɗe da barin taɓa na'urar.

Ranar da na sauka daga mota ban san kowa a garin ba, duk da ƙauyenmu na kusa da Kona ne, don tun ina ƙarami lakkol, wato makarantar boko, ta raba ni da gida. Ina zaune a kan akwatina a ƙofar gidan waya sai wani mutum ya fito, baƙi, siriri, ƙwaurinsa duk tabo. Shi ne mai gyaran layi, wanda ke bin turakun waya a ƙasa, in ta tsinke ya hau ya ɗaure. Ya dube ni, ya dubi akwatin.

“Ina za ka sauka?”

“Ban sani ba tukuna.”

“Ɗauko mu tahi.”

Ya ba ni ɗakin da ke jikin zaurensa. Mutumin Isawane ne, can arewacin Mayahi, ya girme ni da shekara ashirin ko fiye, sai na kama kiransa Yaya. Shekara biyu muna cin tuwo a akushi ɗaya. Matarsa ke wanke mini farar rigar aiki ba tare da na roƙa ba. Shi ya raka ni gaban alƙali ranar da na yi rantsuwar kama aiki, na ɗora hannu a kan Alƙur'ani cewa duk abin da ya bi ta hannuna a waya ba zan faɗa wa kowa ba, ko uwa ko uba.

A shekarun nan gyaɗa ce ke juya garin. Da an kwashe amfanin gona sai raƙuma da jakuna su fara shigowa da buhuna daga ƙauyuka, a jera su har su fi soro tsawo, manyan motoci na tsaye suna jiran lodi. Duk wannan hada-hadar a kan wayarmu take tafiya. Mota nawa za a turo daga Maraɗi, buhunan wofi sun ƙare, wata ta kafe a yashi a hanyar Mayahi a aiko da mai ja. Daga safe zuwa la'asar ba na ɗaga kai.

A kakar gyaɗa ta uku da zuwana ne ma'aikatan waya suka yi yajin aiki. Masu gyaran layi da masu raba wasiƙa tun zamanin Faransawa a matsayin ƴan wucin gadi suke. Yaya ya yi shekara goma sha tara yana hawan turke, amma ba shi da lambar ma'aikaci, ba shi da abin da zai dogara da shi in ƙafafun sun gaza. Da aka samu mulkin kai sun zaci abin zai gyaru. Aka yi ta rubuta takardu, shiru. Sai ƙungiyarmu ta aiko cewa a ajiye aiki daga ranar Litinin.

Muka taru ranar Asabar da la'asar a ƙarƙashin tsamiyar da ke fuskantar gidan waya. Ni ba ni da abin nema a cikin maganar, don da lambata na fito daga Yamai. Yaya ya faɗa mini haka a gaban kowa.

“Kai ba ka da buƙata cikin wanga al'amari. Amma in mu kaɗai munka zauna, sai a yi wata guda ba wanda ya lura. In kai ka zauna, kahin azahar Yamai ta sani.”

Na ɗaga hannu tare da su. Ba wanda ya matsa mini, kuma na ji daɗin yadda suka dube ni a lokacin.

Ranar Litinin muka wuni a gindin tsamiya muna shan shayi. Ƴan kasuwa suna zuwa su leƙa ƙofa a rufe, su tsallako su tambaye mu, mu ce sai haƙuri. Ranar Talata da safe, ni da Yaya muna shan kunu a zaure, sai ga gardi ya yi sallama. Tsohon soja ne, mai furfura a gashin baki, na san shi a ƙofar biron kumandan, wato ofishin mai mulkin yankin. Ya miƙo mini takarda mai tampo biyu, wato hatimin hukuma, ya kira ni mushe, yadda ake kiran ɗan boko da Faransanci.

“Mushe, ka karanta, ka sa hannu nan cewa ta iske ka.”

A sama an rubuta rekizisiyo da manyan baƙaƙe. Na taɓa jin kalmar a kan motoci da dawaki, cewa gwamnati na iya karɓar abin hawan mutum in buƙata ta taso. Ban san ana yi wa mutum kansa ba. Takardar ta ce bisa doka, don amfanin jama'a, an wajabta mini komawa bakin aiki daga wannan safiya har sai an ɗage umarnin. Wanda ya ƙi, kora ce da gidan kaso.

Yaya bai iya karatun Faransanci sosai ba, sai na fassara masa. Ya ajiye ludayinsa.

“Sunanka kaɗai?”

“Ni kaɗai.”

“To mi za ka yi?”

“Kai zan tambaya, Yaya.”

Ya daɗe yana duban yatsun ƙafarsa. Gardin ya juya baya yana kallon hanya, don ya ba mu wuri.

“Ni ba ni ce maka tahi, ba ni ce maka zauna,” in ji Yaya. “Kai anka rubuta.”

Na sa hannu. Daga baya na sha gaya wa kaina cewa don ƙannena da ke lakkol na yi, da don iyayena. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ce ta tashe ni daga tabarmar ba. Tsoro ne. Na hango kaina an aske mini kai ana fito da ni sharar titi a gaban mutanen ƙauyenmu ranar kasuwa. Kuma ina son aikin, ba zan ɓoye ba. Shekara uku na yi ina koyonsa, shi ne abu ɗaya da na san na iya fiye da kowa a garin.

Na sa farar rigata na fito, gardi na biye da ni. Dole mu bi ta gaban tsamiya. Sauran sun riga sun hallara, ana hura gawayin shayi, ana dariyar wani abu. Da suka hango ni dariyar ta tsaya. Na yi musu sallama, mutum ɗaya ya amsa. Ba wanda ya zage ni, ranar ko bayanta. Da sun yi da na samu abin mayarwa.

Gidan wayar ɗaki ne dogo mai kanta a tsakiya, da kujeru biyar a bayanta. Na zauna a tawa, huɗun na kallona ba kowa a kansu. Resebar ya buɗe mini ƙofa ya koma ofishinsa ya rufe, shi ma ba ya son a gan shi. Gardi ya jawo benci ya zauna a bakin ƙofa, bindigarsa a jingine. Saƙonnin kwana guda da rabi sun taru, na kama aiki. Ta tagar da ke gefena ina ganin tsamiyar sarai, da bayan Yaya, don kullum baya yake ba gidan wayar in ya zauna.

Da yamma na koma gida na tarar an ajiye mini tuwo a ƙofar ɗakina, a ƙaramin kwano, an rufe da faifai. Yaya ya ci nasa a cikin gida. Haka abin ya ci gaba. Ba a taɓa fasa ajiye mini ba, miyar ma ba ta ragu ba. In mun haɗu a zaure ya amsa gaisuwata cikakkiya, ya tambayi gajiya, ya wuce. A masallaci wanda ya saba tsayawa kusa da ni sai ya bar mutum ɗaya ya shiga tsakaninmu.

Mutum ɗaya ne nake hira da shi a kwanakin, kuma ban taɓa ganin fuskarsa ba. Mai buga waya na Mayahi ne. Na san dattijo ne daga hannunsa, yana bugawa a hankali, yana jan dogayen fiye da kima. Shi ma an kai masa irin takardata. Doka ta hana mu surutu a layi, amma ranar Laraba, bayan ya gama aiko mini saƙon wata mota da ta karye, sai na ji ya ci gaba da bugawa, da Hausa.

“Akwai gardi a ƙofarka?”

“Akwai,” na mayar.

“Nawa barci yake.”

Na yi dariya ni kaɗai a cikin ɗakin har gardin ya leƙo. Daga ranar, kullum da azahar in layi ya yi sauƙi sai ya tambaye ni ko na ci abinci, ni ma in tambaye shi. Ba mu taɓa zancen yajin ba. Wata rana ya ce mini akuyarsa ta haifi biyu. Na wuni ina tunanin akuyar nan.

Ranar kasuwa babana ya shigo gari da jakuna biyu ya kawo gyaɗarsa. Bai san abin da ake ciki ba. Da ya gama da masu awo sai ya biyo ya gan ni kamar yadda ya saba, ya tarar da gardi da bindiga a ƙofa. Ta taga na hango shi ya tuɓe takalma tun daga nesa ya tsuguna. Ya zaci kama ni aka yi. Na fita na kamo hannunsa, gardin ya matsa ya ba mu hanya, har ya gaishe shi da baba.

Bai taɓa shiga bayan kanta ba. Ya ƙi zama a kujera, ya zauna a ƙasa ya jingina da bango, na yi masa bayani. Ya ce in ba shi takardar. Ya riƙe ta da hannu biyu, ya shafa wurin tampon da babban yatsa, ya mayar mini.

“Mu shekarar da anka ɗebe mu aikin hanya ba a ba mu takarda ba,” ya ce. “Mai gari ya zo da gardi da sassahe, anka nuna mu da sanda. Wata biyu ina ɗaukar tsakuwa a ka. Gerona ya nuna a gona, tsuntsaye sunka ci rabinsa.”

Na san labarin tun ina yaro, amma bai taɓa ba ni shi da bakinsa ba, daga wurin inna na ji.

“Ana bugunka?”

“A'a, baba.”

“Ana barinka salla?”

“Ana bari.”

“To ka yi haƙuri. Namu ma ya wuce.”

Na so ya ce mini na yi daidai, ko ya ce na yi kuskure. Bai ga wurin da zaɓi yake a cikin maganar ba. A wurinsa in hukuma ta nuna ka da sanda sai ka tashi. Sai da ya tambaye ni labarin Yaya, ya ce yana son ya je ya gaishe shi, na ce masa kwana biyar ke nan ba mu ci tare ba.

“To da wa kake ci?”

“Ni kaɗai.”

Wannan ce ta dame shi, fiye da gardin da bindigarsa. Can ya jawo burgamensa ya fito da ƙullin fura da ƴar ƙwarya, ya ce in samo ruwa. Ya dama da hannunsa, muka sha a ƙasa a bayan kanta, yana miƙo mini ludayi ina mayar masa. Na'ura ta fara kira daga Maraɗi, na bar ta ta kira har sau uku. Da zai tafi ya tsallaka zuwa gindin tsamiya ya gaisa da su ɗaya bayan ɗaya, suka tashi suka amsa masa da ladabi. Ban ji abin da ya ce wa Yaya ba, kuma bai gaya mini ba.

Washegari da hantsi akawun biro ya kawo telgiram na gwamnati a ambulan, an rubuta gaggawa a bayansa. Na buɗe don in ƙirga kalmomi kamar kullum. Rahoto ne zuwa sama a kan yajin. A ƙarshensa akwai sunaye uku na waɗanda aka ce su ke zuga sauran, ana neman izinin sallamarsu. Sunan Yaya ne na farko.

Na karanta sau biyu. Na duba taga, yana nan zaune, ya miƙa hannu yana karɓar kofin shayi. Abubuwa da yawa sun zo mini a lokacin. In ce layi ya lalace. In sauya harafi ɗaya ko biyu a sunan yadda za a rasa ko wane ne. In sa takardar a ƙarƙashin sauran har gobe. Ina cikin haka na ji ƙofar resebar ta buɗe, karo na farko da ya fito da rana tun da aka fara. Ya tsaya a bayana. Ya san abin da ke ciki, akawun ya fara biyawa ta wurinsa.

“Ba mu muka rubuta ba,” ya ce a hankali. “Aika.”

Na aika. Abin da har yau nake jin kunyarsa shi ne hannuna bai yi rawa ba. Na buga shi tsaf, na Maraɗi bai ce in maimaita ko kalma ɗaya ba. Da azahar dattijon Mayahi ya tambaye ni ko lafiya, don ya ji ban fara gaishe shi ba. Na ce lafiya lau.

Da la'asar sakaliya na koma gida na tarar da Yaya a ƙofar zaure, ya baje ɗamarar fatar da yake hawan turke da ita yana shafa mata man gyaɗa. Ya ɗaga kai, fuskarsa a sake, irin yadda na kwana biyu ban gani ba.

“An ce jibi ko gata za su kira mu zance,” ya ce. “In anka koma, layin Mayahi zan hwara bi. Akwai turke biyu da gara ta ci, tun bara nike hwaɗi.”

Ita ce magana mafi tsawo da ya yi mini tun ranar takardar. Na gane hannu yake miƙo mini. Na ce Allah ya sa, na shige ɗaki na tura ƙyaure.

Na san abin da zai iya yi da na gaya masa. Yana da mutane. Akwai wani babban mai sayen gyaɗa da ya taɓa ja wa waya har gida, wanda maganarsa ke shiga biro. Akwai fadar sarki. In aka je aka yi roƙo kafin amsa ta dawo, sau da yawa akan janye suna. Amma na ɗora hannu a kan Alƙur'ani, a gabansa ma. Kuma in ya je roƙo, tambayar farko da za a yi ita ce wa ya gaya masa, amsar kuwa ɗaya ce a duk garin. Na kasa rabe wanne ne ya riƙe bakina, rantsuwar ko tsoron. Kwana huɗu ina fita tun kafin ya fito, in na dawo in wuce da sauri kamar mai jin fitsari.

Ranar Alhamis amsa ta zo. Na sa alƙalami ina rubutawa harafi bayan harafi kamar yadda ƙarar ke shigowa, ban san me ke zuwa ba sai da kalmar ta cika a gabana. An amince. Na rubuta sunansa da hannuna, na naɗe, na liƙe, na ba gardi ya kai biro.

Da safiyar Juma'a aka kira su ukun. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na ji gardi ya tashi daga bencinsa. Yaya ne ya shigo, karo na farko tun da aka fara yajin. Bai zagayo bayan kanta ba, ya tsaya ta gaba inda masu sayen tambur, wato kan sarki, ke tsayawa. Yana riƙe da ɗamarar da ƙarafan hawa.

“Ta hannunka ta bi?”

“Ta hannuna, Yaya.”

“Zuwa da dawowa?”

“I.”

“Kwana nawa tsakani?”

“Huɗu.”

Ya gyaɗa kai, kamar wanda aka gaya wa nisan wani gari.

“Kwana huɗu kana wuce ni ƙohwar gida.”

“Na yi rantsuwa.”

“Na sani. Ina wurin.”

Ya ɗora kayan a kan kanta, ya daidaita ƙarafan gefe da gefe.

“Na gwamnati ne. Ka ba resebar.”

Ya fita. Bai koma tsamiya ba, ya bi hanyar gida. Fatar tana ta ƙamshin man gyaɗa, na bar ta a wurin har la'asar ban iya taɓa ta ba.

Bayan kwana biyu aka janye yajin. Wani saƙo ya zo daga ƙungiya cewa an yi alkawarin duba maganar, a koma aiki. Ranar Litinin na zo na tarar babu gardi, bencin na nan inda ya bar shi. Ba wanda ya zo ya ce mini an ɗage umarnin da ke kaina, ni ma ban tambaya ba. Kafin damina ta faɗi aka ba waɗanda suka rage lambar ma'aikata. Ukun da aka sallama ba su cikin lissafin.

Yaya bai kore ni daga ɗakin ba. Sati guda ya yi yana haɗa kaya, ya bar gidan a hannun wani ɗan uwansa. Ranar tafiya motar Mayahi ta tsaya a ƙofa da hantsi, na taya su ɗora kaya, ya bar ni na taya. Ya ba ni hannu ya ce a yafi juna, irin yadda ake faɗa wa kowa. Matarsa ce ta tsaya kafin ta hau, ta gyara lulluɓi ta dube ni.

“Shi ma bai iya ci tun da kunka rabu da akushi,” ta ce. “Na ce masa ya kira ka, ya ce kai za ka zo.”

Na koma wani ɗaki a bayan gidan waya. Na ƙara shekara huɗu a Tasawa tare da mutanen nan. Muna gaisawa, muna zuwa sunan juna da jana'iza, in aiki ya haɗa mu mu yi shi lafiya. Amma in na shigo ana hira sai a koma zancen ruwa da gero. Sabon mai gyaran layin da aka kawo saurayi ne daga Damagaram, bai san komai ba, ya yi wata biyu yana zama kusa da ni. Daga baya aka ba shi labari, sai ya daina.

Sai aka mayar da ni Mayahi, don dattijon ya ajiye aiki. Na yi murna zan gan shi, na saya masa goro a hanya. Na isa na tarar ya kwashe iyalinsa sati guda da ya wuce, ya koma garinsu can yamma. Kujerarsa na gada, da maɓallinsa wanda yatsansa ya cinye wa fenti.

A shekarata ta biyu a can, lokacin ruwa ya fara ƙaranci gyaɗa ta fara ja da baya, na hau motar ƴan kasuwa zuwa Isawane. Na yi aure a lokacin, matata ce ta ce in je, don ta gaji da jin sunan mutumin da ba ta taɓa gani ba. Na tambaya aka nuna mini wata rijiya a bayan gari. Ashe sana'ar da ya kama ke nan, shiga rijiya yasa, don ba kowa ke iya sauka gaba talatin a kan igiya ba. Na same shi a bakin rijiyar, daga shi sai gajeren wando, yana duba ƙullin igiya da kansa, Fulani da garkensu na jira a gefe. Ya rame, kansa ya yi fari fat. Ya gane ni tun daga nesa.

Muka gaisa, ya tambayi babana, na ce ya rasu bara, ya yi masa addu'a. Muka koma inuwar wata aduwa muka tsuguna. Na shirya magana mai tsawo a mota, amma abin da ya fito kaɗan ne. Na ce na zo neman gafara.

“Na yahe tuni,” ya ce. “Da ka ƙi zuwa aiki, soja za su ɗauko daga Maraɗi ya buga musu. Na san haka tun ranar. Rantsuwa kuma, ni ba ni son ka karya ta saboda ni.”

Ya ɗauki wani tsinke yana sosa ƙasa.

“Abu guda ne. Ranar da nike shahwa ma ɗamara mai, da ka zauna kusa da ni. Ko ba ka ce komi ba. Shekara biyu muna ci tare, da na gani ga huskarka. Sai ka shige ɗaki.”

Wannan bai taɓa zuwa mini ba. Shekara shida ina auna abu biyu, in faɗa ko kada in faɗa, ban taɓa tunanin zama kawai ba. Bai jira amsata ba. Masu jan igiya suka kira shi, rana na yi, dabbobi ba su sha ba tun jiya. Ya tashi ya ce in jira ya fito mu je gida in gaisa da matarsa.

Na tsaya a bakin rijiya ina kallo suka ɗaura masa igiya a ƙugu suka fara sassautawa. Farin kansa ya yi ta ƙanƙancewa har duhu ya shanye shi, sai muryarsa kawai ke fitowa yana cewa a ƙara. Guga ya fara hawowa da laka. Na ƙirga guga goma sha biyu, sai direbanmu ya fara danna odar mota daga kasuwa, kuma babu wata motar sai wani satin, ga aiki na jirana da safe. Na leƙa na ce Yaya zan tafi, zan dawo. Ya amsa daga ƙasa, ban ji abin da ya ce ba saboda amon rijiyar.

Ban koma ba. Shekarun yunwa suka shigo, aiki ya yi yawa, aka sake mayar da ni wani gari. Labarin rasuwarsa wani mai sayar da awaki ne ya ba ni a bakin kanta, ya zo aika wasiƙa, muna hirar mutanen Isawane. Ya ce ciwon ƙirji ne, kwana tara ya yi a kwance, an binne shi a can.